Ɗauko Seiki Daga Fadama

Hatsue ta durƙusa gaban benci na uku, gwiwarta na ƙara, ta tsinci duwatsu uku ta naɗe a rigar mijinta. Yau kwana arba'in da takwas ke nan da mijin nata, Seiki, ya fita yawon safe a fadamar nan bai dawo da ƙafarsa ba. A Okinawa kuwa ko yaro ya sani, wanda ya mutu a waje gawarsa kawai ake kaiwa gida. Kurwarsa tana nan inda ya faɗi. Sai an je an kira ta cikin duwatsun wurin kafin kwana arba'in da tara, in ba haka ba ta yi ta gararamba.

Kamado, yayar mamacin, tana tsaye a kanta tana kaɗa ƙullin ciyawa. Shekararta tamanin da ɗaya. Kurwar mutum shida ta ɗauko a rayuwarta, kuma har yau ba ta manta gidan da bai aiko mata ko kifi ɗaya na godiya ba.

"Kin tabbata nan ne?"

"Haka masu motar asibiti suka rubuta, Yaya. Benci na uku."

"To. Ke kike ɗauke da shi. Daga nan har ƙofar gida ba magana, ba waiwaye, ko uwarki ce ta taso ta kira ki. Kika kuskura, ya zame, kuma ba zai sake amsa ki ba. Na san bakinki."

"Bakina ko naki?"

"Yi shiru, mun fara."

Suka kama gadar katako. Hanya ce mai sauƙi, ba hawa ba gangara, har masu keken guragu suna bi. Ƙananan ƙaguwa na ta shigewa ramukan taɓo, wani zalɓe yana tsaye da ƙafa ɗaya. Hatsue ta rungume ƙunshin a ƙirji.

Sun kusa fita sai ga wani tsoho da sanda. Gensho ne, tsohon direban tasi, abokin yawon Seiki. Mutumin da ya ci abincin gidan ba sau ɗaya ba, amma ko turare bai zo ya kunna wa mamacin ba. Ya ga rigar, ya ga ciyawar, ya tsaya cak.

"Daga ina kuka ɗauko shi?"

"Ba mu hanya," in ji Kamado. "Ba ka ga abin da muke ɗauke da shi ba?"

"Yaya Kamado, ba a benci ya faɗi ba. Can sama ne, kan tudun yashi, cikin itatuwan nan da ake kira matsu. Ni na goyo shi zuwa benci don masu asibiti su same shi da wuri."

"Kwana arba'in da takwas kana tsotson wannan magana kamar alewa?"

"Na kasa zuwa. Gani nake da ban ɗaga shi ba, da wataƙila..."

Kamado ta matso kunnen Hatsue. "Kada ki tanka. Takardar hukuma ce gaba da maganar direban tasi. In yana cikin rigar nan kika waiwaya, shi ke nan."

Hatsue ta ci gaba da tafiya. Taku biyar, shida. Gensho yana bayanta, sandarsa na buga katako.

"Akwai itacen da yake zama gindinsa kullum," in ji shi. "Daga nan ana hango rufin gidanku. Sai ya ce mu jira. In ya ga kin fito shanya sai ya ce, yauwa, ta sha shayinta, in na koma yanzu ba zan sha faɗa ba. Ran nan muna jira ne."

Hatsue ta tsaya. Ran nan an yi hadari, ba ta yi wanki ba.

Ta waiwaya.

"Nuna mini."

Kamado ta miƙo hannu. Ita da kanta ta karɓi duwatsun ta ajiye a gefen hanya.

Tudun ba nisa. Gajerun itatuwa ne masu ganye kamar allura, iska ta tanƙwara su gefe ɗaya. Hatsue ta zauna inda aka nuna mata. Ga jan rufinsu can ƙasa, ga igiyar shanya, ba komai a kai.

Babu dutse ko ɗaya a wurin, sai yashi da busasshen ganye. Ta ɗebi yashin sau uku ta zuba a rigar. Kamado ta ɗaga ciyawa za ta fara kiran, sai ta sauke hannu ta dubi Hatsue.

Hatsue ta ɗaure bakin rigar, ta sunkuya.

"Baban Mayumi," ta kira shi a hankali da sunan 'yarsu, kamar yadda ta saba. "Tashi mu je gida. Ba zan yi faɗa ba."