Randa Ba Ta Sanyi a Pantai Dalam

Duk wanda ya taɓa hawa bene na uku a makarantar nan ta Pantai Dalam, wata unguwa a can ƙasar waje, da azahar ya san ba a Sakkwato kaɗai aka haifi zafi ba. Can ajin Zuhra yake, ƙarƙashin kwano, ga shi yarinyar asma gare ta. Uwarta Hureira, wadda ke digiri na uku kan sanyaya gine-gine, ta gaji da jin ƙirjin 'yarta yana kuka kamar tsohon ƙyaure.

Sai ga dama ta faɗo. Kamfanin wuta ya ce duk makarantar da ta kafa na'urar sanyi mai cin wuta kaɗan, zai mayar mata da wani kaso na abin da ta kashe. Amma sau ɗaya ake nema, kuma sai da sa hannun wanda ya auna ajujuwan. Hureira ce ta yi awon, sati uku tana hawa tana sauka har gwiwoyinta suka san adadin matakalar.

Inda gizo ke saƙar shi ne Dakta Ahmadu, shugaban kwamitin iyaye kuma uban 'yan arewa na unguwar. Mutumin kirki ne, sai dai ba a taɓa ce masa a'a ba, don haka bai san ɗanɗanonta ba. A Gusau ya taɓa sanyaya wata makaranta da dabarar randa: fanka ta hura iska ta cikin jiƙaƙƙen buhu, ruwan ya bushe, ɗaki ya yi sanyi. Har lambar yabo aka ba shi. Wannan zanen ya shimfiɗa wa iyaye a taronsu na ranar Laraba a saman benen makarantar, ya tura wa Hureira takarda da biro.

"Maman Zuhra, sa hannu lah," in ji shi, da "mana" irin ta 'yan ƙasar. "Jumma'a ake rufewa."

Ba ta taɓa biron ba.

"Dakta, iskar gida busasshiya ce, ƙishirwa take ji, shi ya sa take shanye ruwan. Ta nan a ƙoshe take. Wanki ma kwana biyu yake yi a igiya. In muka ƙara mata laima, bango zai yi fumfuna, yara su shaƙa."

Ta fito da nata zanen: farin fenti a kan kwano, silin mai tare zafi, sai ƙananan esi masu tsotse laima, da fankoki su raba sanyin.

"Too expensive," in ji Dakta. "Shekarata ashirin a wannan aiki. Ke yaushe ma kika sauka daga jirgi?"

Aka yi 'yar dariya. Wata daga cikin matan ta dangwali gwiwarta, ta ce a hankali, "Haba Hureira, bin na gaba bin Allah."

Ran Hureira ya ɓaci, kuma tsoro ya kama ta, don ta san abin da take shirin taɓawa. Mutumin nan shi ya tarbe ta a filin jirgi. Shi ya samo mata ɗaki. A falonsa ake cin tuwon sallah, nan ne kaɗai Zuhra ke jin Hausa a bakin wani ba uwarta ba. A ƙasar mutane, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ta naɗe takardunta ta miƙe.

"Wallahi ba zan sa hannu ba. Ƙasa zan sauka wurin Puan Salmah da nawa zanen. Ita ce shugabar makaranta, in ta ce boleh, wato ta yarda, shi za a aika."

Dakta ya cire tabarau, muryarsa ta yi sanyi.

"Ki yi tunani. Mu nan 'yan kaɗan ne. In kika tsallake ni kika fita ƙofar nan, kada gobe ki ga kin zama ke kaɗai."

Ta tsaya, hannunta a kan ƙofa. Ta juyo ta dube shi.

"Ranka ya daɗe, ni zan iya cin sallah ni kaɗai. Zuhra ce ba za ta iya numfashi a ajinka ba."

Ta buɗe ƙofar ta kama matakala. Babu wanda ya biyo ta, ita ma ba ta waiwaya ba.