Tauraro Ɗaya

Babana bai iya cewa "don Allah" ga ma'aikaci ba. "Kai, zo nan!" ita ce sallamarsa. Ɗana kuwa, da muke kira Malam saboda sanyin bakinsa, ko ruwa aka miƙo masa a shago sai ya yi godiya har mai miƙowar ya ji nauyi. Ni ce a tsakiyarsu, kullum cikin rabon faɗa.

Rannan muka je shagon wanki da guga karɓo kayan Baba. Dogo, mai gugar da ya daɗe yana masa aiki, ya fito da farar rigarsa, ga shatin dutsen guga ɓaro-ɓaro a kafaɗa. Baba ya hau shi da faɗa, ta inda yake shiga ba ta nan yake fita ba. Har da ce masa sakarai.

Malam ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. "Yi haƙuri, yallaɓai, tsautsayi ne," ya ce wa Dogo, ya fice ya jira mu a mota.

Sai Dogo ya rage murya. "Baba, a rufa min asiri. Gargaɗin ƙarshe aka ba ni. In ƙorafi ya sake kaiwa ofis, shi ke nan."

Baba ya ja tsaki. "Ofishin me? Tsakanina da kai ne. Yaya ƙafar matar taka?"

A hanya Malam ya yi ta yi wa kakansa wa'azi kan mutunta mutane. Abin da ban sani ba, da lambar wayar Malam aka biya kuɗin wankin, kamfanin da ke da shagon kuma ya turo masa saƙo yana tambayar yadda aikin ya kasance. Ya danna tauraro ɗaya cikin biyar, ya rubuta an ƙona riga.

Mako ya zagayo, Baba ya fita da ƙullin wanki ya dawo da shi yadda yake. Ya zauna ko takalmi bai cire ba. An sallami Dogo.

Nan Malam ya faɗi abin da ya yi.

"Ai ba shi na ba wa tauraron ba, Kaka. Aikin na ba wa."

"Aikin ne ke da mata a kwance?"

"Tambayata aka yi, na faɗi gaskiya! Mu ma haka ake mana a wurin aiki. Yini nake a bayan kanta, abokan ciniki na zazzaga min masifa, shi ya sa ba na iya ɗaga wa kowa murya."

"Mu a zamaninmu a zage ka a idonka, gobe ka dawo bakin aikinka," in ji Baba. "Kai ka yi masa murmushi ka yanka shi."

Na rasa wanda zan yi fushi da shi, kuma wannan ya fi komai ƙona min rai.

Malam ya kira kamfanin, ya ce yana so ya janye ƙorafinsa. Wata mata mai zaƙin murya ta gode masa ƙwarai, ta ba shi haƙuri, ta ce an riga an rufe maganar. Yana kashe wayar sai ga saƙo ya shigo, ana tambayarsa taurari nawa zai ba matar.