Wayar da Ba Ta Jin Raɗa

"Ruƙayyatu, kin ci tuwo?"

Habsatou ta faɗa da ƙarfi, wayar daf da bakinta, tana ware kalmomin ɗaya-ɗaya kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Baƙaƙe suka jeru a fuskar wayar. Ta miƙa wa 'yarta da ke zaune a gabanta, gwiwa na taɓa gwiwa. Ruƙayyatu ta karanta, ta dubi kwanon da ta suɗe yanzun nan a kan idon uwar, sai ta fashe da dariya, irin dariyar wanda ba ya jin muryar kansa.

Tambayar banza ce, Habsatou ma ta sani. To amma wadda ta shekara goma sha uku ba ta yi wa 'yarta tambaya da baki ta samu amsa ba, da me za ta fara?

Ruƙayyatu na da shekara tara sanƙarau ya kwantar da ita, ya tashi da kunnuwanta duka biyu. Lokacin tana aji uku a lakwal, wato makarantar boko, ta iya haɗa baƙi. Malamin ya ce shi bai san yadda ake koya wa kurma ba, aka dawo da ita gida. Magana kuwa ba ciwon ne ya ɗauke ta ba. Muryarta ce ta karkace, yara suka riƙa kwaikwayonta, manya na taya su dariya, har wata rana ta rufe bakinta ba ta sake buɗewa ba. Daga nan hirarsu da uwar ta koma nuni da hannu: ci, zo, ɗebo ruwa, baƙo ya shigo.

Issufu ne, babban ɗan Habsatou mai jan babbar mota tsakanin Kwatano da Malanville, garin da suke zaune, ya kawo wayar. Ya nuna wa uwar wurare biyu. "Inna, in kin danna nan kin yi magana, sai ta rubuta, Ruƙayyatu ta karanta. In ita ta rubuta, ki danna nan, wayar ta karanta miki. Amma ki sani, muryarki tafiya take yi can ƙasashen nesa, injinansu su saurara, sannan rubutun ya dawo. Ba a san wa ke ajiye ta ba."

"Su ji mana," in ji Habsatou. "Sun san ni? Albasata suke saye?"

Wayar dai tana da hali. Hausar Habsatou ta ƙetaren gada ce, ta mutanen Gaya, ga yaren Dendi da ke kutsowa ciki ba sallama. In ta yi maganarta ta kullum, sai wayar ta rubuta shirme, Ruƙayyatu ta ɗaga gira. Dole ta koyi lanƙwasa harshe kamar masu karanta labarai a rediyo. Ban da haka wayar ba ta jin raɗa ko kaɗan. Sai an ɗaga murya, sai an natsu, kuma ba ta son muryar da ke rawa.

*

Cikin wata biyu Habsatou ta gane ashe baƙuwa take zaune da ita a ɗaki ɗaya. Ashe Ruƙayyatu ba ta son miyar kuka, shekara da shekaru tana haɗiyewa don kada ran Inna ya ɓaci. Ashe tana tuna waƙar da uwar ke yi mata lokacin kitso, har ta rubuto ta tiryan-tiryan. Ashe 'yar nan shaƙiyiya ce! Duk matan gidan hayar ta raɗa musu suna. Habsatou kan bar tulin albasarta a kasuwa tun la'asar sakaliya, ta bar wa maƙwabciyar rumfa, ta yi gida da sauri kamar mai jego.

A inuwar rumfar ƙofar ɗakinsu suke zama. Ruƙayyatu ta rubuta, Habsatou ta danna, ta kara wayar a kunne. Yarinyar tana ganin wayar manne da kunnen uwarta, sai ta ɗauka raɗa wayar ke yi wa Inna. Ina! Muryar matar cikin wayar garau take fita, kuma zana ɗaya ce tsakaninsu da Laila, matar mai gyaran famfo, wadda kunnenta ya fi na kowa lafiya a gidan. Habsatou ta gwada rage ƙarar, sai ta kasa ji, don ita ma shekaru sun fara taɓa nata kunnen. Ta lura tsintsiyar Laila kan tsaya cak duk lokacin da wayar ta fara magana. Ta yi niyyar gaya wa 'yarta, ta fasa. Tsoro take ji kada yarinyar ta daina rubutu, su koma ci, zo, ɗebo ruwa.

Wata Laraba da hantsi Ruƙayyatu ta daɗe tana rubutu tana gogewa. Da ta miƙa wayar sai ta rufe fuska da mayafi. Habsatou ta danna.

"Inna, Awal mai kabu-kabu da ke kawo miki albasa daga Madekali, kullum in ya sauke kaya sai ya rubuta mini gaisuwa a tafin hannunsa. Shi kaɗai ne ba ya yi mini nuni kamar ana korar kaza. Ina son shi. Ke kaɗai na gaya wa."

Daɗi ya cika Habsatou har idonta ya kawo ruwa. Ta janyo 'yarta ta rungume. A bayan zana, tsintsiya ta yi shiru.

*

Kafin Juma'a zancen ya zaga unguwa, da Hausa da Dendi. Ranar Asabar uwar Awal ta zo har rumfar kasuwa, ta tsaya a kan albasa, ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba.

"Habsatou, na ji abin da ɗiyarki ke rubutawa. Ɗana tausayi yake ji, ba so ba. Ni ba a haifa mini jikokin da zan kira su ƙi waiwayowa."

"Ba da kurumta aka haife ta ba, ciwo ne," in ji Habsatou.

"Ko mi ne ne, ku bar mini yaro."

Daga ranar wani ne ya riƙa kawo albasar Madekali.

Ruƙayyatu ba ta ji ko kalma ɗaya ba, amma wanda ya shekara goma sha uku yana karanta fuskoki ba a ɓoye masa dariya. A bakin famfo ta ga Laila ta dafa ƙirji, ta lumshe ido, sannan ta murɗa hannuwa kamar mai tuƙa babur, sauran matan na tafawa. Ta dawo gida da bokiti rabi. Ta zauna a gaban uwar, ta rubuta kalma biyu, amma ba ta miƙa wayar ba. Ita da kanta ta danna wurin da Inna ke dannawa, ta ɗora yatsa a kan 'yan hujojin da murya ke fita. Ta ji ƙarfin rawar da suke yi. Ta ɗaga ido ta dubi zana. Kan yayar Laila, wadda ta zo wuni, ya leƙo ta sama, ya koma da sauri.

Ta juyo ta dubi uwarta. Habsatou ta sunkuyar da kai, kuma wannan ya ishi yarinyar amsa. Ruƙayyatu ta kife wayar a tabarma ta shige ɗaki.

Kwana tara wayar na kife a kan akwati, inda uwar ta mayar da ita. Habsatou ta dafa miyar kuɓewa, ta sayo kifin kogi mai ƙiba, yarinyar ta ci ta wanke kwano ba ta ɗago ido ba. Issufu ya yi ta gargaɗi a kan mutanen nesa, ga shi na kusa ne suka yi ɓarnar, kuma da saninta. Wannan ne ya fi cin ran Habsatou.

*

Rana ta goma bayan azahar Habsatou ta ɗauki wayar ta shiga ɗaki, ta saki labule. Ta zauna kusa da 'yarta, ta danna, ta yi ƙasa da murya.

"Ɗiyata, ki gafarce ni."

Fuskar wayar ta tsaya fara fat. Ta sake, muryarta na rawa, wayar ta rubuta wasu baƙaƙe uku marasa kan gado. Ruƙayyatu ta duba ta kau da kai.

Habsatou ta share ido da bakin zane. Ta kama hannun 'yarta ta fito da ita tsakar gida, inda mata ke tankaɗe da wanki. Ta tsaya ta gyara murya, ta ɗaga ta yadda wayar ke so.

"Ruƙayyatu, na san ana jin mu, na ɓoye miki. Tsoro na ji kada ki daina yi mini magana. Laifina ne, ba naki ba. Son da kika yi ba abin kunya ba ne. Masu kunya su ne waɗanda suka kasa kunne a zana suka kai kasuwa. Ki gafarce ni, ɗiyata."

Wannan karon wayar ta rubuta komai daidai. Rariya ta tsaya a hannun Laila.

Ruƙayyatu ta karanta, ta sake karantawa, leɓenta na motsi. Sannan ta ajiye wayar a kan turmi ta shiga ɗaki. Ta fito da guntun fensir da yagaggiyar takardar buhun siminti, ta durƙusa ta yi rubutu a kan cinyarta, layi uku. Ta ninke ta saka a tafin uwar, ta rufe mata yatsu a kai.

Habsatou ta buɗe takardar. Ita ba a taɓa kai ta lakwal ba, ubanta ya ce ba wurin mata ba ne. Takarda kuma ba ta da wurin dannawa. Laila ta iya karatu, ta ma ɗan matso tana goge hannu a zane.

Habsatou ta ninke takardar, ta ƙulle ta a bakin zanenta. Ta zauna a tabarma kusa da 'yarta, kafaɗa na taɓa kafaɗa, hannunta a kan ƙullin, ba ta san ko an yafe mata ba.