Tulu Uku, Duk Kore

Injin niƙan da ke ƙofar gidanmu a Kurfi sunan mijina yake amsawa, kowa injin Malam Ashafa yake cewa. Amma gonar gadona ta Wurma aka sayar aka sayo shi, shekara shida ke nan. Ni na yarda, ba wanda ya tilasta mini, sai dai har yau idan damina ta faɗi nakan tuna da ita. In injin nan ya tafi, abin da Baba ya bar mini ya tafi ke nan.

Shi ya sa da shagon wani mai walda ya ƙone a bayan tasha, na hana Malam sakat sai da ya tafi Dutsin-Ma sayen abin kashe gobara. Ɗaya na ce ya sayo. Da la'asar sai ga shi ya sauko daga mota da jajayen tuluna uku na ƙarfe, yana haki, hularsa a karkace.

"Malam, mi za mu yi da har ukku?"

"Ke dai bari, Lauratu. Ashe gobara ma iri-iri ce. Mai shagon, Alhaji Badaruddeen, shi ya zaunar da ni ya yi mani karatu."

Ya jera su a tsakar gida, ya tsuguna. Wannan ja zalla ruwa ne a ciki, na buhu da itace da tsumma. Wannan mai shuɗiyar ɗamara hoda ce, na dizal da fetur. Wannan mai baƙar ɗamara iska ce, na lantarki. Har nan lafiya lau. Da na ce ya maimaita, sai shuɗin ya koma na lantarki, baƙin ya koma na dizal. A karo na uku ya tsaya yana kallonsu yana sosa ƙeya.

"Abu guda dai na riƙe," in ji shi. "Ya ce kada in kuskura in kai mai ruwan ga lantarki, kashe mutum yake. In kau aka zuba shi ga dizal, wutar bin ruwan take ta cika ɗaki."

"To mu da ke da buhu da dizal da lantarki duk ɗaki guda fa?"

"Shi ya sa na sawo ukku!"

Na ɗaga kowanne na ji nauyinsa, na ajiye. Na ce ba komai, tunda akwai ɗamara da takarda mai zane a jiki, za mu koya a hankali.

Na manta da wa nake aure. Malam mutumin kirki ne, amma bai yarda da kayan da ba sunansa a jiki ba. Tun da aka taɓa aron jarkarsa ba a dawo da ita ba, komai na gidan nan ya sha koren fenti: jarkoki, benci, baro, har murfin rijiya. Na je suna Wurma na kwana biyu, na dawo na tarar da tulunan a rataye a bangon shago, koraye shar daga wuya har gindi. An shafe ɗamara, an shafe takarda. A jikin kowanne an rubuta ASHAFA MAI INJI da farin fenti, rubutu mai kyau kuwa.

Raina ya ɓaci har na rasa ta inda zan fara.

"Yanzu wanne ne wanne?"

"Na jera su bi da bi," ya ce, yana murmushi. "Na dama ruwa, na tsakiya hoda, na hagu iska."

"Damarka in kana shiga, ko in kana fita?"

Murmushin ya ɗauke. Ya shiga shagon ya juyo, ya fito ya sake juyawa, yana nuna bango da yatsa yana motsa baki. Ya ce gobe zai kankare fentin. Goben nan ta kai wata biyu.

Ranar da abin ya faru, jajiberin kasuwa ce, bayan azahar. Kwanonin mata sun yi layi har bakin ƙofa. Gogo, tsohuwar da ke maƙwabtaka da mu, tana zaune kan benci tana jiran geronta. Ni ina tsakar gida ina tankaɗe. Aka kawo wutar lantarki, Malam ya kunna ƙaramin injin markaɗe, sai na ji tas-tas, sannan salatin Gogo.

Na faɗa shagon ta ƙofar cikin gida. Wayar da Malam ya haɗa da hannunsa ce ta kama a jikin makunni, robar tana narkewa tana ɗiga. Ƙarƙashinta jarkar dizal ce a buɗe, bakinta ya riga ya kama. Buhun dusa na gefe ya fara hayaƙi. Daga nan zuwa babban injin bai fi taku uku ba, ga ƙasan duk maiƙo.

Malam na tsaye gaban tulunansa uku, hannu a sama.

"Wagga wace iri ce? Ta lantarki ce ko ta mai?"

"Duka ce!"

"Ai bai ba ni na duka ba!"

Gogo kuwa sai ihu take: "Ruwa! Ku kawo ruwa, jama'a!" Na ce mata kada kowa ya kawo ruwa, ta dube ni kamar na zare. Ni kaina ban san abin da nake so a kawo ba. Kaina ya ɗaure tam. Shuɗi, baƙi, dama, hagu, duk suka cakuɗe, ba abin da nake gani sai kore.

Malam ya fizgo na gefe ɗaya, ya zare ƙarfen da ke kulle hannun, ya nufi makunnin. Da ya juya da shi sai na ji ƙulum, a hankali, daga cikin tulun.

Tun ina 'yar shekara bakwai nake ɗaukar ruwa a ka daga rijiyar Wurma. Ko cikin barci na san kukan ruwa a tulu.

Na riƙe masa hannu da dukkan ƙarfina. "Aje shi! Ruwa ne!"

"Kin tabbata?"

"Aje shi, Malam, don Allah!"

Ya sake shi ƙasa. Na sauke na biyu na girgiza a kunnena, sai wani motsi mai nauyi kamar gari a ƙwarya. Ban tsaya tuna ko na mene ne ba, tunda dai ba ruwa ba ne. Na miƙa masa, ya zare ƙarfen, ya matsa, sai hoda ta fita da ƙarfi ta nufi rufi. Na kama bakin tiyon na mayar da shi gindin wutar, kan jarkar, sannan makunnin. Shagon ya turnuƙe. Muna tari, ba mai ganin wani, Gogo na ta kiran sunayen Allah daga waje.

Da ƙurar ta lafa, wutar jarka ta mutu, ta makunni ma haka. Wani maƙwabci ya cire layin lantarkin daga waje. Sai a lokacin Malam ya ja buhun dusar zuwa titi, ya ɗauki mai ruwan, ya dube ni. Na ɗaga masa kai, ya fesa.

Hatsin mutane duk ya sha hoda, sai zubarwa. Gogo ta leƙa kwanonta ta ce gobara ba ta ci geronta ba, mu muka ci. Na ba ta haƙuri, na auno mata daga namu. Na ukun, mai iska, yana nan rataye, ba a ko taɓa shi ba.

Malam ya zauna a bakin ƙofa da wuƙa, ya sa tulun nan na uku tsakanin ƙafafunsa yana kankare fentin. Sunansa yana zuba ƙasa ɓarɓashi-ɓarɓashi, baƙar ɗamara tana fitowa.

Ni kuwa na ɗauki tsumma na shiga share babban injin. Na goge bel, na goge mazubin hatsi, na bi kowane lungu. Ƙarfen da ɗuminsa, ko tabon wuta babu. Ban san ina kuka ba sai da na ga hawaye yana yin layi a kan hodar.

Ya shigo ya tsaya bayana.

"Lauratu, da ya ƙone, da mi zan ce maki?"

"Ba ni za ka ce mawa ba," na ce. "Ni ce zan rasa abin ce ma Baba."

Ya sa hannu ya juya injin. Ya yi tari sau biyu, ya fesar da farar ƙura, ya tashi. Na bar tafina a jikinsa yana girgiza ni har kafaɗa, na ƙi ɗagawa.