Reshen Lemon Inna

Malamin Gona ya tofar da abin da ke bakinsa, ya dubi ɓarin lemon da ke hannunsa kamar wanda aka yi wa cuta. Ya sake lasa. Tsamin ya ratsa masa haƙora har cikin kunne. Ya tsinko wani daga reshen sama, wanda ya fi shan rana, ya yanka ya ɗanɗana. Gara ma na farko.

Shekara huɗu ke nan yana rainon wannan bishiya a tsakar gidansa. Lokacin da aka sayar da gidan gadonsu, wanda ya saya ya ce zai sare lemon zaƙin da mahaifiyarsu ta shuka, don nan yake son gina shaguna. Kwana ɗaya kafin a sa gatari, babbar yayarsu ta yanko 'yan rassa, ta naɗe su a jiƙaƙƙen tsumma, ta kawo wa autansu. Wa za a kai wa in ba shi ba? Shekara talatin da biyu ya yi a ofishin aikin gona yana koya wa mutane auren bishiya: yadda ake tsaga jikin ƙaramin dashen lemon tsami, a cusa reshen mai zaƙi, a ɗaure da leda har su haɗe su zama ɗaya. Ya zana wannan a allo ya fi sau dubu. Abin da bai taɓa gaya wa kowa ba shi ne, a duk shekarun nan alli kawai ya riƙe. Wuƙar kuwa leburori ke riƙewa.

Ya dai yi auren, ya kuma cika dangi da labari. Duk wanda ya zo gaisuwa sai an kai shi ya gaida lemon Inna. Da bishiyar ta yi 'ya'yan fari bana, bai jira ya ɗanɗana ba ya buga wa Yaya waya. Yanzu haka tana cikin mota, tafiyar awa huɗu, da ciwon gwiwarta, za ta zo shan lemon uwarta.

Matarsa ta fito da tsintsiya a hannu, ta tsaya.

"Malam, lafiya ka yamutsa fuska haka?"

"Bai gama nuna ba ne," in ji shi, yana tura ɓawon da ƙafa ƙarƙashin bokiti.

Ta sunkuya ta ci gaba da shara. Bara ta taɓa ce masa ƙayar bishiyar nan ta yi mata yawa, ya amsa mata da cewa tsakanin shi da ita wa ya yi karatun abin. Tun daga ranar ta bar masa kayarsa.

Ya karyo ɗan reshe ya sa a aljihu, ya hau motar haya zuwa bakin gada, inda masu sayar da dashe ke jera tsirrai a baƙaƙen ledoji. Ya zaɓi rumfar ƙarshe, don kada ya haɗu da idon sani. Tsautsayi kuwa ba ya wuce ranarsa. Mai dashen, wani siririn dattijo mai taɓo har gwiwar hannu, yana ɗago kai ya ajiye butar ban ruwa ya washe baki.

"Yallaɓai! Kai ne da kanka? Ba za ka gane ni ba. Ina cikin waɗanda ka yi wa bita a ɗakin taro, shekara goma sha biyar ke nan. Duk abin nan da kake gani, albarkacinka ne."

Ya goge benci da hularsa. Malamin Gona ya zauna a ɗofane, ya fito da reshen.

"Na wani maƙwabcina ne. Ya yi aure, to sai ga 'ya'yan sun fito da tsami. Na ce bari in ji ta bakin wani, kada in yanke hukunci ni kaɗai."

Mai dashe ya tsinki ganye ɗaya, ya murje shi a tafin hannu, ya shinshina. Ya taɓa ƙayar da babban yatsa, ya yi dariya.

"Gwada ni kake yi, Yallaɓai. Ai wannan ba ɗan aure ba ne, uwar ce zalla, lemon tsami. Na san abin da ya faru kamar ina wurin. Bayan an ɗaure, tsiro biyu ke fitowa. Na sama, wanda aka aura, yakan fito a raunane kamar zai mutu. Na ƙasa da ɗaurin kuwa, na uwar, sai ya taso kore shar, da ƙarfinsa. Mutumin naka ya ga mai kyau ya bari, ya karye ɗan siririn."

Malamin Gona ya tuna nan take. Ya ga safiyar nan tar a idonsa: yana tsugune da kofin shayi a gefe, ya sa farce ya cire wani ɗan tsiro mai ganye uku, yana cewa wannan shan ruwa kawai yake yi a banza. Ya jefa shi a kwata. Iyakar abin da ya saura na bishiyar Inna ke nan a duniya.

"Kai ka koya mana," mai dashe ya ci gaba, har da kwaikwayon muryarsa. "Duk abin da ya fito ƙasa da ɗauri, a cire shi komai kyansa! Har bugun tebur ka yi. Amma shi ma maƙwabcin naka da abin haushi yake. Yana da kamarka a jikin katanga, ya kasa tambaya?"

"Girman kai ne da shi," in ji Malamin Gona a hankali.

"Ai fa. Su ne ke ɓata itace."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da ya shige ya ja ta ya rufe. Ya yi sallama, ya ƙi karɓar dashen gwaiba da aka ba shi kyauta, ya tsallaka titi. An ce tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Maimakon ya nufi gida, ƙafafunsa kasuwa suka kai shi, layin masu kayan marmari. Ya tsaya gaban tulin lemon zaƙi yana tona shi ɗaya bayan ɗaya.

"Baba, duk zaƙinsu ɗaya," mai lemon ya ce.

"Masu ganye a jiki nake nema."

"Ganyen za ka sha?"

Malamin Gona ya ci gaba da tonawa. Ya samu tara masu ɗan kara da ganye, ya sa aka ninka masa leda biyu don kada a ga abin da ke ciki. A mota ya rungume ledar a cinya, yana jin kamar kowa ya san abin da zai aikata. Shi da ya kori ma'aikaci saboda ya ƙara buhu biyu a rahoton girbi!

A gida ya kakkaɓe duk 'ya'yan da suka rage a bishiyar, ya zuba a bokiti, ya tura bayan tankin ruwa. Ya wanke na kasuwa ya jera a farin kwano. Yana juyowa ya ga matarsa a bakin ƙofar kicin. Ta dubi kwanon, ta dubi bishiyar da aka tsiraita, ta miƙo hannu.

"Kawo ledar in ɓoye. Sunan shagon mai lemon na jiki."

Da zaginsa ta yi, da ya fi masa sauƙi.

Bayan azahar Yaya ta iso, tana dogara sanda, da tsohuwar jakarta a kafaɗa. Ta ƙi yarda a karɓar mata jakar. Aka shimfiɗa mata tabarma a inuwar bishiyar, ta miƙe ƙafafu tana nishi, aka gaisa, aka tambayi yara da jikoki ɗaya bayan ɗaya. Sau ɗaya kawai ta ɗaga kai ta dubi rassan da ke samanta.

"To, Auta, ina abin da ka taso ni dominsa?"

Ya ajiye kwanon a gabanta. Wani lemo ya gangaro. Ta ɗauke shi, ta juya shi a tafin hannu, ta shafa ƙasansa da babban yatsa. Ta daɗe tana shafawa. Sannan ta ɓare da farce, ta sa ɓari ɗaya a baki.

"Da zaƙi," ta ce. "Allah ya jiƙan Inna."

"Amin," in ji matarsa daga nesa.

"Ba za ka tuna ba, kana makarantar kwana," Yaya ta ci gaba, tana tauna a hankali. "Duk shekara wanda ya fi girma a bishiyar sai Inna ta ɗaura masa ɗan ƙyalle. Wannan na Auta ne. Mu da ke ɗebo ruwa daga rijiya muna ba bishiyar, sai dai mu kalla. Wata shekara hutunku ya yi nisa, lemon ya bushe a sama, ta hana a taɓa. Na yi kuka, ta ce in yi haƙuri, kai ne za ka yi ilimin da za ka riƙe mana komai."

Ta sake ɗaukar wani ɓarin. Malamin Gona ya dubi farin gashin da ya leƙo ta gefen ɗankwalinta, da kumburarrun gwiwoyin da suka sha awa huɗu a mota. Kunya ta taso masa har wuya, irin wadda bai taɓa ji ba tun da aka haife shi. Ya tashi ya zagaya bayan tanki, ya jawo bokitin, ya dire shi a bakin tabarma. Ya durƙusa.

"Yaya, ajiye wannan. A kasuwa na sayo shi. Ga abin da bishiyata ta haifa. Reshen Inna ya kama, ni na karye shi da hannuna, na raini lemon tsami shekara huɗu. Ban taɓa aurar da bishiya ba sai wannan. Na kashe mana ita."

Yaya ta ƙarasa haɗiye abin da ke bakinta, ta goge yatsunta da gefen zane.

"Lemon Inna mai cibiya ne, Auta. A ƙasansa. Kai sha kawai kake yi, a ɓare ake ba ka."

Ya sunkuyar da kai.

"Bishiyar kuwa tun zuwana na bara na ga ƙayarta. Shekara ashirin ina shara a ƙarƙashin ta Inna, ban taɓa taka irin wannan ba."

"Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Wa ke gaya maka magana?"

Matarsa ta juya ta shiga kicin da sauri, kafaɗunta na motsi saboda dariyar da take dannewa.

Yaya ta jawo jakarta ta zuge. Daga can ƙasa, ƙarƙashin kayan sawa, ta fito da wani ƙunshi a leda. Ta warware jiƙaƙƙen tsumma. Rassa huɗu ne, kowane bai wuce tsawon fensir ba, an cire musu ganye, korayen idanunsu sun kumbura.

"Rabin rassan Inna na ba ka a wancan lokacin. Sauran na kai wa tsohon da ke gadin makarantar bayan gidana. Ko sunansa bai iya rubutawa ba. Tasa ta yi 'ya'ya tun bara. Da asuba ya yanko mini waɗannan."

Malamin Gona ya kai hannu, sai ya janye, kamar abin zai ƙona shi.

"Da na yi shiru fa?"

"Da na shanye lemonka na kasuwa, na sa maka albarka, na koma da su a jaka. Ba zan zo gidanka in kunyata ka a gaban iyalinka ba."

Ta ɗaga sandarta ta bubbuga gindin bishiyar, mai kauri kamar cinyar mutum.

"Uwar dai ka raine ta da kyau. Ba ta rasa ruwa ba ko na kwana ɗaya. Tsohon ya ce in an rage mata kai, za ta karɓa. Amma ya ce kada rassan su kwana biyu. Ɗauko wuƙarka."

Wuƙar na aljihunsa tun safe. Ya fito da ita, ya buɗe, ya daɗe yana kallon bakinta. Sai ya naɗe ta ya ajiye a kan tabarma, ya miƙe yana neman takalmansa.

"Ina kuma za ka?" Yaya ta tambaya.

"Bakin gada. Akwai wani ɗalibina a can da zan roƙa ya zo ya koya mini." Ya tsaya a bakin ƙofa, hula a hannu. "Sai na fara gaya masa ko wane ne maƙwabcin nawa."