Batir a Kan Siminti

Shekara ashirin da biyu Mai Batir yana gyaran batirin mota, bai taɓa ajiye ko ɗaya a kan siminti ba. Katako yake shimfiɗawa, don ubangidansa ya koya masa cewa siminti na shanye caji. Shagon nasu ne su biyu, shi da ƙaninsa da ya yi karatun lantarki ya dawo da tabarau, ake ce masa Injiniya.

Ran nan wani direban tasi ya dire batirinsa a ƙasa. Mai Batir ya daka masa tsawa ya ɗora a katako.

"Bar shi, Yaya," in ji Injiniya, ko kai bai ɗago ba. "Wannan common misconception ne."

"Komon me?"

"Abin da kowa ya yarda da shi alhali ba haka ba ne. Batirin zamanin da ne ke haka. Na yanzu jikinsa roba ne."

Direban ya yi dariya har da riƙe ciki. Kafin sati maganar ta zaga layin masu gyara. Mai faci ma, wanda ko sunansa bai iya rubutawa ba, sai ya ɗaga wa Mai Batir hannu ya ce, "Sannu da aiki, Komon!" Kwastomomi suka koma tsallake shi suna tambayar ina Injiniya.

Baƙin ciki kamar ya kashe shi. Ya cika batir biyu da caji, ɗaya a katako ɗaya a siminti, ya kulle su a ɗakin ajiya. Kwana goma yana tanadin maganar da zai yaɓa wa ɗan rainin wayon nan a gaban jama'a. Da ya sa mita, allurar ta tsaya wuri ɗaya a duka biyun. Sau uku yana sake gwadawa.

Ya fito ya sami ƙanin yana goge tabarau.

"Na gwada. Gaskiyarka ce."

Injiniya ya washe baki. "Ai na faɗa maka, Yaya."

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun shekarar farko a makaranta."

"Shekara huɗu ke nan. Kwano ɗaya muke ci, kana kallona ina jan katako, bakinka bai buɗe ba sai da ka sami 'yan kallo."

"Haba Yaya, ni fa..."

"Gobe magini zai zo ya ja bango ta tsakiyar shagon nan. Zaɓi ɓangarenka."