Ƙyalle a Karan Masara

Tun zamanin mahaifinsu, idan damina ta raba tsakiya masara ta fitar da gemu, gonar gidansu maƙwabta ke zuwa. Kowa ya zaɓi karan da ya fi ƙauri ya ɗaura masa ƙyalle, alamar cewa zangarniyarsa ce zai karɓa ya ajiye ta zama irin baɗi. Da gonar ta dawo hannun babban ɗa, sai ya gaji wannan girma, har sunansa ya ɓace, aka koma kiransa Mai Iri.

Bana kuwa ya zagaya kunya-kunya, ƙyalle biyu kacal ya gani, ɗaya ma nasa ne. Can ƙetaren iyaka, a gonar ƙaninsa wanda ya shuka irin shago, masara ta yi baƙi ƙirin don ƙoshi, goyo biyu-biyu, ƙyallaye na ta kaɗawa kamar shanya.

Mai Iri ya san abin da masu ɗaurin ba su sani ba: irin shago ba ya maimaita kansa, 'ya'yansa tsumburewa suke yi. Ya haɗiye maganar. Su shuka, su sha kunya, baɗi su dawo da ƙafarsu.

Da la'asar ƙanin ya shigo tsakar gida, takalmansa duk taɓo, ya durƙusa ya gaishe shi.

"Yaya, na fa sa mutanen nan sun kwance tsummokaransu. Na gaya musu nawa ba ya ajiyuwa, sai dai a sake saye."

Zuciyar Mai Iri ta yi fari. Ya gyara zama, ya ce, "To, ai sun san hanyar gona."

"Wai in raka su shago jibi, mu kama iri da taki tun kafin a yi rububi. In kamo maka?"

"Babanmu ya taɓa sayen iri? Kakanmu fa?"

"Kakanmu ai ko keke bai taɓa hawa ba, Yaya, ga naka can a jingine."

Matar Mai Iri, wadda ke tsintar wake a ƙofar ɗaki, ta tuntsire da dariya. Ta ce, "Ƙanin miji, ni kamo mini ƙaramin buhu. Filina na bakin hanya ya gaji da tarihi."

Mai Iri ya dube ta, ya dubi ƙaninsa, ya ga babu mai niyyar janye maganarsa. Ya daɗe yana shafa gemu kafin ya yanke hukunci, da muryar da yake raba gardama.

"Ki shuka. Amma ba a bakin hanya ba. Na ba ki fadamar bayan tsauni, kada ƙurar furensa ta gurɓata mini nawa."

"Wannan ai ita ce mafi kyawun ƙasarka!" in ji matar.

"Na sani," in ji shi. "Amma babu mai wucewa ta can."